Zauren Shari'a: Notis Kafin Tashin Ɗan Haya

Yau za mu duba maganar da ke yawan kai mutanenmu gaban sarakunan Zango da limamai, daga Nima da Mamobi har Aboabo ta Kumasi, wato rikicin mai gida da ɗan haya idan kuɗi ya maƙale.

Dokar haya ta ƙasar Gana ta 1963, mai lamba 220, ita ce madogara. Sashe na 17 ya ba kotu ikon tashin ɗan haya idan wata ɗaya ya wuce daga ranar da kuɗin haya ya wajaba a kansa, bai biya ba, bai kuma miƙa kuɗin an ƙi karɓa ba. A lura, kotu aka ba wannan iko. Mai gida ba shi da hurumin zama alƙali a shari'ar kansa, ko da bashin ya kai shekara.

Saboda haka muna ba masu gidaje shawara su fara da takarda. Aika yaro ya ce "Alhaji ya ce ka tashi" ba ya zama hujja a gaban majistare. A rubuta sunan ɗan haya, da lambar gida da ɗakin da yake ciki, da watannin da ake bin sa ɗaya bayan ɗaya, da jimlar kuɗin, da ranar da ake so ya biya ko ya bar ɗakin. A sa kwanan wata, a sa hannu, a miƙa masa gaban shaida, a ajiye kwafi. In ya yi kunnen ƙashi, sai a nufi ofishin Rent Control, inda za a kira ɓangarorin biyu a nemi sasantawa. Idan abin ya faskara, a wuce kotu, kuma ma'aikatanta ne ke fitar da kaya, ba samarin unguwa ba.

Kwaye kwano, cire ƙofa, ko wata muzgunawa don ɗan haya ya gaji ya tashi, duk laifi ne a wannan doka. Mai bin bashi sai ya wayi gari shi ne ake tuhuma.

Ku kuma 'yan haya, maganar nan da ta bazu cewa kowa na da wata uku kyauta na neman ɗaki ba ta cikin dokar. Kotu na iya ba mutum lokaci, amma kwanakin da ya zauna kuɗinsu na kansa. Notis na wata shida da wasu ke ambata kuwa na wani sha'ani ne daban, kamar idan wa'adin haya ya ƙare kuma mai gida na son wurin don kasuwancinsa.

A ganinmu tushen yawancin rigimar shi ne rashin rubutu tun farko, wai don ana jin kunyar juna, masallaci ɗaya ake salla. Doka ta tilasta wa mai gida ya ba mai hayar wata-wata katin haya, ta kuma hana karɓar kuɗin gaba fiye da na wata shida, ko da yake kowa ya san na shekara biyu ake karɓa a Akara. Wanda ya biya irin wannan kuɗi babu rasit, ranar da aka ce wa'adinsa ya cika, da me zai yi musu?

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.