Tsatsa ba ta ba ni tsoro, sabon fenti ne abin tsoro: zare kan sayen bayis na hannu

1/ Jama'a, masu son haɗa ɗan bencin kafinta a gida, ku matso kusa. Ra'ayina kan sayen bayis na hannu ke nan, kuma wanda zai ji haushi ya ji: wanda ya yi tsatsa ya fi wanda aka shafe da sabon fenti aminci. Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku biyo ni.

2/ Ga wanda bai sani ba, bayis shi ne ƙarfen nan mai baki biyu da ake ɗaurewa a jikin benci, ka murɗa hannunsa ya damƙe maka katako. Ni ɗalibi ne, a hutu nake ɗan taɓa aikin: kantar littattafai, kujerar tsuguno, teburin karatu. Kuɗina a ƙirge suke, shi ya sa na cika tsirfa wajen saye.

3/ Wani zai ce ai kafintocinmu da ƙafa suke danne katako, kuma aiki na fita. Gaskiya ne. Amma su sun shekara da shekaru a kai, ga yaran shago na riƙe musu. Kai kuwa kai kaɗai ne a zaure. In hannun hagunka ne ke riƙe katakon, shi ne a gaban cizal ranar da ya zame.

4/ Abu na farko: bayis iri biyu ne. Akwai na makanikai da 'yan walda, wanda ke zama a saman tebur, bakinsa siriri mai haƙora. Akwai na kafinta, wanda ke shiga ƙarƙashin benci, bakinsa faffaɗa kuma sumul. In ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, na farkon za ka fi cin karo da shi.

5/ Mai kaya zai ce maka, "Yaro, ai duk ɗaya ne." Ka ce, "A'a Baba, ba ɗaya ba ne." Haƙoran na makanikai za su bar tabo a jikin katakonka, kuma yana ɗaga aikin sama har ka kasa goge shi yadda ya kamata. Ko da araha ka same shi, ba naka ba ne.

6/ Sunan da kowa ke nema a na kafinta shi ne Record. Kamfanin C & J Hampton ne ya riƙa ƙera su a Sheffield, garin da ya yi suna kan aikin ƙarfe a Ingila. An kafa kamfanin a 1898. Yau sunan yana hannun kamfanin Irwin, kuma tsofaffin na Sheffield ne kafintoci ke rububi.

7/ Lambobi uku za ka haddace, suna rubuce a jikin ƙarfen:
52: faɗin baki inci 7, yana buɗewa inci 8
52½: faɗi inci 9, buɗewa inci 13
53: faɗi inci 10½, buɗewa inci 15
Ka tuna in ka lulluɓe bakin da katako, wajen inci ɗaya da rabi zai tafi.

8/ A ganina 52 ya ishi mai ƙananan ayyuka irina. 52½ shi ne tsaka-tsaki, amma ya haura kilo 15. Shi kuwa 53, in bencinka ɗan tebur ne mara nauyi, kar ka soma. Bayis ɗin zai riƙe katako gam, teburin ne zai riƙa rawa duk sanda ka ja zarto.

9/ Sai dai fa suna ba lafiya ba ne. Akwai Paramo, Woden da Parkinson, duk 'yan Ingila ne kuma suna aiki. Lafiyayyen bayis da ba ka taɓa jin sunansa ba ya fi Record mai tsagewa sau goma. Kuma da zarar mai kaya ya ga idonka na kan sunan, farashi ya tashi.

10/ To ga asalin maganar. Jikin bayis ƙarfen zubi ne, wanda 'yan walda ke ce wa kas. Kas mai kauri in ya yi tsatsa, yawanci a fatarsa take tsayawa, burushin waya ya kankare ta. Amma kas ba ya lanƙwasa. In an matsa masa fiye da ƙima tsagewa yake, kuma in ya tsage ya gama.

11/ Tsatsa ba ta ɓoye komai, duk abin da ke jikin ƙarfen kana gani. Fenti kuwa yana cike tsaga, ya rufe tabon walda. Launin Record shuɗi ne, saboda haka gwangwanin shuɗin fenti ɗaya ya isa a mayar da gajiyayye ango. Kyan ɗan maciji ke nan. Ba na ce duk mai fenti macuci ba ne, amma me ya sa aka yi?

12/ Ka tafi da fitilar wayarka da tsumma da ɗan kananzir. Ka goge wurare uku: inda sandunan ƙarfe biyu suka shiga bakin gaba, kewayen ramukan da ake ɗaure shi a benci, da kusurwar da bakin baya ya haɗu da gindi. Tsaga takan fito kamar siririn gashi baƙi.

13/ Ka ɗan ƙwanƙwasa shi da sifana. Lafiyayyen kas yana amsawa da ƙara, mai tsaga kuwa muryarsa a dashe take. Wannan ba hujja ba ce ita kaɗai, amma in kunne ya yi shakka, ido ya sake dubawa.

14/ "Ai za a yi maka walda." A'a. Waldar kas sai da waya ta musamman, a gasa ƙarfen tukuna, a bar shi ya huce a hankali. Waldar bakin titi ta minti biyar za ta sake buɗewa, kuma lokacin da ka matse aiki ne za ta buɗe. In na ga tabon walda a jikin baki, sallama nake yi.

15/ Na biyu, dogon sukurun da ke tsakiya. Ka murɗa hannun tun daga rufe har ƙarshen buɗewa, ka dawo. Tauri saboda datti ba komai. Abin dubawa shi ne tiredi: in ya cinye ya yi kaifi kamar wuƙa, ko wani wuri ya gutsure, bar shi. Ka fi lura da kusa da baki, nan ya fi shan wahala.

16/ Na uku, sandunan nan biyu da bakin gaba ke tafiya a kansu. In ɗaya ta lanƙwashe, za ka ji bayis na tafiya lafiya sai ya cije a wuri guda, kullum a wurin. Tsatsa a kansu sanfefa ta ishe ta. Lanƙwasa kuwa aiki ne ja.

17/ Ka kalli hannun murɗawa. In ya karkace kamar lauje, wani ya taɓa zura masa fayif don ƙarin ƙarfi. Hannun kansa ana miƙe shi. Amma ƙarfin da ya lanƙwasa shi ta cikin sukuru da kas ya bi, don haka ka koma lamba 12 ka sake duba tsaga da kyau.

18/ Ga wani abu da ke sa mutane su gudu daga mai kyau. In ka rufe shi sai ka ga saman bakin ya haɗu, ƙasan da ɗan rata. Ba lalacewa ba ce, da gangan aka ƙera shi haka, don in ka matse ya damƙi katako tun daga sama. In ƙasa ne ya fara haɗuwa, wannan ne matsala.

19/ Wasu suna da ɗan maɓalli kusa da hannu, ka danna ka ja bakin fuu ba sai ka yi ta murɗawa ba. A ciki rabin noti ne da sifirin ke danna shi a jikin sukuru. Abin da daɗi wallahi, musamman in kana sauya aiki daga siririn katako zuwa durowa.

20/ Amma a nan na saba da mutane da yawa. A wurinmu, ni na fi son mai sukuru zalla. Rabin notin nan shi ke fara cinyewa, kuma ba abu ba ne da za ka shiga shago ka ce a ba ka. Mai sukuru zalla ba shi da sauri, amma abin lalacewa a jikinsa kaɗan ne.

21/ In dai mai maɓallin kake so, ka gwada shi a gaban mai shi. Ka je da guntun katako a aljihu, ka matse shi da ƙarfi. In ka ji "ƙwas" ya saki, wani lokaci garin katako ne ya cushe notin, wankewa kawai yake so. A wanke a sake gwadawa. In ya maimaita, ba da kuɗinka ba.

22/ Yanzu hujjar masu cewa a sayi sabo kawai. Suna da gaskiyarsu: babu kankare tsatsa, babu yawon kasuwa, in ya zo da matsala kana iya mayarwa. In kana da kuɗin sabo mai inganci, bismillah, ba ni da ja.

23/ Matsalar ita ce kuɗin ɗalibi ba sabo mai inganci yake saye ba, mafi arahar sabo yake saye: kas siriri, sanduna kamar tsinke, baki na karkacewa da ka matse gefe guda. Tsohon da ya shekara hamsin yana aiki bai tsage ba ya riga ya ci jarrabawa. Da tsohuwar zuma ake magani.

24/ Kar ka tura kuɗi kan hoton WhatsApp. Hoto ba ya nuna tsaga, ba ya nuna tiredi. In nesa ne, a yi maka bidiyo ana murɗa shi daga farko har ƙarshe, a juya cikinsa a haska. In mai shi ya ce ba shi da lokaci, ka samu amsarka.

25/ Wajen ciniki, kar ka ce "kai, Record ne!" Ka lissafa abin da za ka kashe: bol da noti, katakon baki, kananzir, kuɗin Keke. Kuma ka san cewa in ba kai ba, mai jiran sa ɗan jari-bola ne, shi kuwa a kan sikeli zai saya. Daga nan ciniki ke farawa.

26/ In ka kawo gida: ka ɗauki hotonsa kafin ka kwance, don ka san inda komai yake. Kananzir, burushin waya, sanfefa. Kar ka cika sukurun da giris, garin katako da ƙurar hunturu za su manne su zama taɓo. Ɗan siririn mai ko gogen kyandir ya wadatar.

27/ Ɗaurawa: in da dama kake aiki, ka sa shi a gaban benci ta ɓangaren hagu. Bol mai ratsa katako ya fi sukuru riƙo. Saman ƙarfen ya zauna ƙasa da fuskar benci kaɗan, sai ka lulluɓe bakin da maɗaci ko filawud mai kauri, don kaifin kayan aikinka kar ya taɓa ƙarfe.

28/ Roƙona na ƙarshe. In akwai irin wannan ƙarfen yashe a sito ko bayan gidanku, don Allah kar a ba mai kura ya auna a kilo. Na Sheffield ɗin nan in aka narkar da ɗaya, ya tafi ke nan. Ka goge shi, ka murɗa, wataƙila benci kawai yake jira.

29/ Wanda yake da shi ya ajiye hoton lambar jikinsa a ƙasa mu gani. Manyan kafintocin da ke nan kuma, in kuna ganin mai maɓalli ya fi mai sukuru zalla a wurinmu, ku kawo hujja, kunnena a buɗe yake.