Baƙon Da Ya Rage Mana Shi Ne Ɗan Ƙasa

A lokacin hutun makarantu na ƙarshen shekarar da ta gabata ne wani malamin makaranta da maiɗakinsa, wadda ma'aikaciyar jinya ce, suka ɗauki hayar mota a Yamai suka kama hanyar Damagaram. Ba biki za su je ba, ba gaisuwar mutuwa ba, ba kuma fatauci ba. Shekararsu goma sha biyu da aure, kuma a tsawon wannan lokaci duk tafiyar da suka yi ta dole ce, cikin motar fasinja, inda ba a ganin komai sai ƙeyar na gaba. Sai suka tara ɗan abin da ya samu, suka bar yara wajen kakarsu, suka ce bari su ga ƙasarsu da idonsu, su tsaya inda suka ga dama, su tashi sa'ad da suka so. Kwana shida suka yi. Bayan dawowarsu maigidan ya zo ofishin wannan jarida ya ba mu labari, ya kuma nemi mu sakaya sunansa.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kai shafin ra'ayi ga yawon mata da miji, alhali ga tsadar rayuwa ga matsalar tsaro? Amsarmu ita ce, abin da suka ci karo da shi a wannan hanya mai tsawon kusan kilomita 900 ya shafi abincin dubban mutane, kuma ya nuna mana wani gurbi da mahukunta da 'yan kasuwa ba su waiwaya ba.

Tun wajen neman motar aka fara. Wurare uku suka je, kuma ko'ina magana ɗaya ce: mota kat-kat, da direbanta, jika 50 a yini, ban da mai, ban da abincin direba da makwancinsa. Idan ba a manta ba, mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne a wata tun daga watan Janairu na 2024. Ke nan hayar yini guda ta zarce abin da lebura yake kai wa gida a wata. Ba mu ce masu motocin azzalumai ne ba. Sana'ar tasu ta ginu ne a kan ƙungiyoyin agaji da ofisoshin jakadanci da kamfanonin haƙar ma'adinai, masu biya da takarda ba tare da ciniki ba. Amma kowa ya san wannan kasuwa ta ja baya tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kuma wasu manyan ƙungiyoyin an dakatar da aikinsu a 2024 da 2025. Motoci na nan jere a inuwa suna shan ƙura, amma har yanzu mai su ya gwammace ya jira Bature da ba zai zo ba, da ya sauko ya yi ciniki da malamin makarantar da ke tsaye a gabansa.

Daga ƙarshe wata ƙaramar mota suka samu, ta hannun wani aboki da ya tsaya musu. Suka ajiye kuɗin jingina, aka miƙa musu mabuɗi. Babu yarjejeniya a rubuce, babu wanda ya zagaya motar tare da su ya nuna musu abin da ke lafiya da abin da ba ya lafiya. Sakamakon haka ya bayyana a rana ta biyu, tsakanin Madawa da Gidan Rumji, inda tayar baya ta fashe. Da suka buɗe bayan mota sai suka tarar safayar babu iska, jak kuwa babu shi sam. Da suka dawo Yamai, mai motar ya cire kuɗin sabuwar taya daga jinginarsu, ya ce lafiya lau ya ba su ita. Wa zai yi shaida? Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne, sai a hanya malamin ya lura cewa takardar inshorar motar ta amfanin gida ce, ba ta haya ba. Da Allah ya ƙaddara haɗari, da wuya kamfanin inshora ya saurare su, domin an yi amfani da motar ta hanyar da ba a bayyana masa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a nahiyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce kan gaba wajen yawan mace-macen hanya idan aka kwatanta da yawan jama'a, kamar yadda rahotonta na 2023 ya nuna.

Amma a wajen fashewar tayar nan ne kuma suka ga abin da suka fi tunawa a tafiyar. Kafin su gama shawarar abin yi, mutanen wani ƙauye da ke gefen hanya sun kewaye su. Samari huɗu suka ɗaga motar aka tokare ta da duwatsu, wani yaro ya ɗaure tayar a bayan babur ya kai wa mai faci, wata dattijuwa kuma ta ja matar zuwa inuwa tana cewa 'yata zo ki zauna, ta dama musu fura. Da maigidan ya ciro kuɗi, mai faci kaɗai ya karɓa. Mutanen karkara ba su manta yadda ake karɓar baƙo ba. Matsalar tana wajen waɗanda aka ɗora wa alhakin hanya.

Shingayen bincike sun fi goma a tafiyar zuwa kaɗai, kuma don adalci, malamin ya ce a mafi yawansu an duba takardu cikin mutunci an sallame su da fatan sauka lafiya. Mu ma ba ma cikin masu cewa a ɗauke shingaye, ganin halin da ake ciki. Sai dai a wurare biyu an tsare su fiye da rabin awa, ba don wata takarda ta gaza ba, sai don amsar da suka bayar. An tambaye su, Malam ina zuwa? Ya ce Damagaram. Wajen wa? Ya ce ba wajen kowa ba, yawon ganin gari ne shi da iyalinsa. Nan take aka ce ya gyara fakin. A ɗaya daga cikin wuraren har an nemi shaidar cewa matar tasa ce. Da ya ce ta'aziyya za su je, da tuni an ɗaga musu sanda. Wato mun kai matsayin da ɗan ƙasa zai yi ƙarya kafin ya wuce lafiya, domin gaskiyarsa ba ta shiga hankali. A tunaninmu yawon buɗe ido aikin Turawa ne, ko na Alhazan da ke zuwa Dubai, kuma talaka ba ya fita sai da dalili mai nauyi. Wannan tunani yana kan mai kaki, yana kan mai mota, yana kuma kan yawancinmu.

Alhali kuwa hanyar nan ta ƙasa mai lamba ɗaya cike take da abin gani. Daga Yamai ana ratsa Dallol Boso a sauka Doso, garin Zarmakoy. Sai duwatsun Dogon Dutsi, ƙasar Arewa, inda Lugu take, garin Sarauniya Mangu da ta tsaya wa sojan Faransa a 1899. Matar ta karanta labarinta a littafin Abdullahi Mamani tun tana 'yar makaranta, ta so ƙwarai su ratse, amma mutanen gari suka ba su shawarar kada su bar kwalta, suka kuwa ji. Gaba kaɗan Birnin Kwanni, wanda ayarin Bule da Shanuwan ya yi wa kisan gilla a wannan shekarar ta 1899. Sai Galmi da buhunan albasarta a bakin titi, sai Madawa, sai Maradi, inda suka kwana biyu suka leƙa tabkin Madarunfa da kaburburan waliyyan da ake cewa 99 ne. Bayan Tasawa akwai Maijirgi, inda kaburburan Bule da Shanuwan suke, bayan sojojinsu sun juya musu baya sun kashe su. Malamin yana koyar da wannan tarihi a aji shekara da shekaru, amma ya ce saura kaɗan ya wuce garin bai sani ba, domin bai ga wani allo da ya nuna masa ba. Wani mai sayar da rake ne ya kai su.

A Damagaram, wadda ita ce hedikwatar mulkin mallaka har zuwa 1926 kafin a mayar da ita Yamai, sun ga fadar Sultan da gidajen ƙasa masu zane na unguwar Birni, sun kuma je kasuwar Miriya ranar Lahadi suka sayi tukwane. Abin da ba su gani ba shi ne tsohon masallacin Birni yadda kakanninmu suka gina shi tun ƙarni na 19, domin ruwan saman watan Satumba na 2024 ya rushe shi. A daminar nan ce kuma ambaliya ta yanke wannan hanya a kusa da Yamai. Wanda ya ce zai je ya gani wata rana, to ga abin da wata rana ta haifar. Kayan tarihin da 'ya'yan ƙasa ba sa ziyarta ba su da mai yi musu kuka kafin su faɗi.

Akwai wuri guda da suka wuce ba su tsaya ba, kuma shi ne ya fi kusa da gida. Kure, kilomita 60 kacal daga Yamai, nan ne mazaunin raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma. A 1996 ba su wuce 50 ba, amma saboda haƙurin manoman yankin da aikin jami'an gandun daji suka haura 600 a 2017, har aka kwashi takwas zuwa Gadabeji a 2018. Ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a wurin, Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu, direbansu da jagoransu. Daga ranar harkar baƙi ta durƙushe, kuma waɗanda suka fi jin jiki su ne matasan ƙauyukan da suke cin abinci da raka masu ziyara. Manomin da raƙumin dawa ya cinye masa wake yana haƙuri ne saboda ya san dabbar tana jawo wa garinsu wani abu. Idan wannan abu ya yanke, har yaushe haƙurin zai kai?

Ba muna kira ga jama'a su kwashi iyalansu su faɗa daji ba. Akwai sassan jihohin Tilaberi da Doso da Tawa da Difa da mai hankali ba zai kai matarsa yawo ba, kuma ma'auratan nan ba su taɓa yin tafiyar dare ba, ba su kuma bar kwalta ba sai inda mutanen gari suka tabbatar musu. Abin da muke cewa shi ne, Turawan da a da suke cika Agadas da gandun dajin W ba za su dawo gobe ko jibi ba, kuma babu wata sanarwar minista da za ta dawo da su. Baƙon da ya rage shi ne ma'aikacin gwamnati mai hutun mako biyu, da ɗan kasuwar Maradi, da ango da amarya, da maƙwabtanmu na Katsina da Kano da Sakkwato waɗanda harshe ɗaya muke yi da su. Ma'auratan nan biyu kacal, a kwana shida, sun biya masauki a garuruwa uku, sun sha mai, sun biya kuɗin hanya, sun sayi albasa da kilishi da tabarmi da tukwane, sun sallami mai faci da mai rake. Kuɗin nan bai bi ta wani ofishi ba, kai tsaye ya shiga aljihun talaka.

Don haka muna kira ga ma'aikatar sufuri da ta wajabta yarjejeniya a rubuce ga duk mai ba da hayar mota, da Faransanci da harsunan ƙasa, wadda za ta fayyace halin da motar take ciki, da adadin jingina, da wanda zai ɗauki nauyin gyara. A kuma tilasta nuna inshorar haya kafin a miƙa mabuɗi. Takarda ce shafi ɗaya, kuma mai motar ma ta kare shi, domin tsoron kada a gudu da dukiyarsa ko a dawo masa da ita a lalace shi ne ya sa yake manna wa kowa direba. Su kuma masu motocin, lokaci ya yi da za su fitar da farashin ɗan ƙasa da ƙananan motocin da ba sa shan mai da yawa. Jika 15 a hannu sau goma a wata ta fi jika 50 da ake jira.

Ga shugabannin jami'an tsaro, roƙonmu shi ne a sanar da na bakin shinge cewa ganin gari dalili ne karɓaɓɓe. Wanda takardunsa suka cika, motarsa ba ta ɗauke da abin laifi, a bar shi ya wuce ba tare da an tozarta matarsa da tambayoyin da ba su da alaƙa da tsaro ba. Haka nan ya kamata gwamnonin jihohi su riƙa bayyana wa jama'a a gidajen rediyo hanyoyin da ake iya bi da waɗanda ba a so a bi, maimakon a bar matafiyi da jita-jitar tasha.

Magadan gari kuwa ba su da uzuri ko kaɗan. Allon ƙarfe da fenti da suna da shekara ba sai an jira tallafin ƙasashen waje ba, maƙerin gari zai yi shi cikin mako guda. A fara da Maijirgi da Birnin Kwanni, a kuma rubuta da Hausa, don mai sayar da raken nan ma ya karanta.