Madubin Ɗari Biyu Ya Ci Min Kuɗin Ajiya: Ku Sayi Mai Ƙafa

Yau ba zancen lakca zan yi ba, zancen madubi ne. Ku yi dariyarku, amma ku karanta.

Shekarata ta farko a Ibadan, na kama ɗaki a Agbowo, nan tsallaken ƙofar jami'a. Na sayi dogon madubin nan mara nauyi da ake yawo da shi a kai, mai bakin roba. Na buga ƙusa na rataye. Ranar da zan tashi, mai gidan ya nuna ramin ƙusar da simintin da ya ɓantare, ya zaftare min kuɗin ajiyar da ake riƙewa saboda ɓarna. A ɗaki na biyu na ce na yi wayo, na jingina shi da bango. Wata rana ana shara ya sulale a kan tayil. Sai da muka yi kwana uku muna tsintar gilashi a bakin darduma.

Shi ya sa nake cewa ɗalibin da ke haya ya nemi madubi mai tsayawa da ƙafarsa, wanda ake karkata shi gaba ko baya. Ba ruwanka da bangon kowa, kuma ran tashi ka naɗe shi da bargo ka wuce.

Karkatawar nan ba ado ba ce. Madubin da aka jingina kansa ya koma baya ƙarya yake yi miki: ya ƙara miki tsawon ƙafa, ya rage miki jiki. Gaskiyar yadda abaya ko zani ya zauna tana fitowa ne in gilashin yana tsaye cak. Kuma ni da abokiyar zamana ba tsawonmu ɗaya ba, ta fi ni sosai. Kowa ta zo ta ɗan taɓa shi ya daidaita da ita, ba mai durƙuso ba mai ɗage.

Kada a ruɗe ku da girma. Rabin tsawon mutum ya ishe shi ganin kansa daga ɗankwali har takalmi, in madubin na tsaye daidai kuma an ɗaga shi inda ya kamata. Mai santimita 160, gilashin santimita 80 ya wadatar da ita, kuma ja da baya ba ya canza wannan lissafin. To mai santimita 120 ya isa har da rara. Wancan ƙaton na ɗakin amarya, a ɗakin da katifa da risho da bokiti ke rigimar wuri, ina za ki kai shi?

Inda na fi so ku natsu shi ne kaurin gilashi da abin da aka yi bayansa da shi. Gilashi siriri, irin milimita 3 zuwa ƙasa, yana lanƙwasa in ya yi tsawo, shi ne za ki ga fuskarki ta yi wani iri kamar a bayan cokali. Ki nemi milimita 4 ko 5. Gwajin ba wuya: ki tsaya nesa kaɗan, ki kalli bakin ƙofa ko sandar lantarki ta cikinsa, ki motsa hagu da dama. In layin yana rawa, ki bar musu kayansu.

Sai danshi. Mu da muka saba da busasshiyar iskar Kano da Sakkwato ba mu san wannan ba sai mun zo. Nan ruwa yana farawa tun Maris ko Afrilu, yana kaiwa Oktoba. Katakon nan na matsattsen gari yana shan laima ya kumbura, sukurun da ke riƙe madubin su saki. Danshin yana cin fentin bayan gilashin kuma, baƙin tabo ya fara daga gefe. Katako na gaske ko ƙarfe mai fenti ya fi, kuma kada a manna shi da bangon banɗaki.

Ki girgiza shi tun a shago. In ƙafafun ba su da faɗi, fanka ma sai ta kayar da shi. Notin gefe ya zama wanda za ki iya ɗaurewa da hannu, don yana sakewa da amfani.

In na shago ya fi ƙarfin aljihu, mu haɗa kuɗi muka yi mu biyu: mai yankan gilashi ya yanka ya goge bakin, mai walda ya yi ƙafa. Amma ku yanke tun ranar wa zai tafi da shi in an rabu, mu mun kusa ɓatawa a kan haka.

Samari kuma da ke cewa madubi na mata ne, Malam, mun ga bayan kaftaninka ranar da ka fito gabatar da takarda a aji. Guga ta tsaya a gaba.

Namu yanzu yana gefen taga, haske na dukan fuska, kuma mun kauce wa alƙibla don kada mutum ya riƙa ganin kansa yana sallah.