Cinikin Ƙwai A Kafanchan: A Koma Ga Ma'auni

Mai sayen ƙwai a kasuwar Kafanchan yakan tarar da iri uku a gabansa: na kajin gidan gona da ake sayarwa kiret-kiret, da na kajin Hausa da mata ke kawowa daga ƙauyukan Kagoro da Zonkwa, sai kuma na zabi, wanda ba ya wadata sai da damina. Na zabi ɓawonsa ya fi kauri, shi ya sa masu dafawa su yi talla a tasha suke ƙaunarsa.

Akasarin masu saye launi suke dubawa, alhali launi ba ya nuna inganci. Launin ɓawo daga jinsin kaza yake. Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya ta samar, ƙwanta ruwan ƙasa ne kawai don haka aka halicce ta. Jan gwaiduwa kuwa daga abinci yake, musamman jar masara da ganye.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne nauyi. Kiret ƙwai 30 ne, ko manya ko ƙanana. Idan kowane ƙwai giram 50 ne, kiret ya zama kilo ɗaya da rabi. Idan giram 65 ne, ya kusa kilo biyu. Mai gidan burodi ko otal da ya sayi na sababbin kaji don an rage masa 'yan nairori yana iya yin hasara bai sani ba. Mai shayi kam, da yake ƙidaya yake sayarwa, ƙananan ne ribarsa. A Tarayyar Turai doka ta raba ƙwai gida huɗu bisa nauyi, ana kuma rubuta ranar da ya kamata a cinye shi kafin ta wuce. A nan ido ne ma'auni, dillali ne alƙali.

Saura batun kwana. Ƙwai na tsufa ne ruwansa na ƙafewa, iska na shiga. Shi ya sa sabo ke nutsewa cikin kwanon ruwa, wanda ya daɗe kuma ya taso. Amma wa zai tsoma kiret 50 a ruwa?

Ya kamata reshen Ƙungiyar Masu Kiwon Kaji ta Nijeriya na Jihar Kaduna ya sa gonaki su riƙa rubuta nauyi da ranar ɗiba a jikin kowane kiret. Sikeli da alƙalami kawai aikin yake bukata.