Raunin da damina ba ta warkarwa

Akwai wata magana da ake maimaitawa a majalisun Agadas, da Cirozerin, da Arlit duk lokacin da aka tayar da zancen ɓarnar haƙar ma'adinai. Sai a ji wani ya gyara zama ya ce duniya ta girmi ɗan Adam, ta ga fari ta ga ambaliya, kuma kowane rauni aka yi mata takan warkar da kanta. Wani kuma ya ƙara da cewa ai hamada ce, me za a ɓata a cikin rairayi? Maganar tana da daɗin ji, amma rabin gaskiya ce, kuma rabin gaskiya ya fi ƙarya ɓatar da mai sauraro.

Rabin da yake gaskiya, ba sai an je nesa nemansa ba. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, gonakin Maraɗi da Damagaram sun zama fako, har masana suka yanke ƙauna da su. Manoma suka koma barin tohon itatuwa a lokacin sassabe, suna yi musu aski maimakon tumɓuke su, sai ga gawo ya sake tsayawa a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5. Wannan rauni ne da ya warke a cikin rayuwar mutum guda, domin saiwa tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa. Kuskuren masu waccan magana shi ne ɗaukar kowace ɓarna kamar saran itace. Alhali kuwa akwai abin da ba shi da saiwar da zai toho daga gare ta, kuma iri uku na wannan abu suna nan a jihar Agadas.

Na farko shi ne ruwa. Tun da kamfanin SOMAIR ya fara fitar da iraniyom a Arlit a 1971, COMINAK kuma ya bi sawunsa a Akokan a 1978, ruwan wanke ma'adini da na shan jama'a daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi, daga tsohuwar taskar da ake kira Tarat. Wannan ruwa ba damunar bara ce ta zuba shi ba. Ya taru ne a zamanin da yankin yake da dausayi, zamanin da wasu masu fasaha suka sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutsen Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, shekaru dubbai da suka wuce. A yau ruwan saman da ke sauka a Arlit ba ya kai milimita 100 a shekara. Rahoton da ƙungiyar Greenpeace ta fitar a 2010 ya ƙiyasta cewa ma'adinan biyu sun sha lita miliyan dubu 270 cikin shekara 40. Wace damina ce za ta biya wannan bashi? Abzinawa da suke cewa ruwa shi ne rai ba kwalliyar zance suke yi ba. Makiyayin da rijiyarsa ta ja baya ya fi kowa sanin fassarar maganar.

Na biyu shi ne dusar dutse. Idan aka niƙa dutse aka tsame iraniyom ɗin da ke cikinsa, mafi yawan gubar nukiliyar tana zama ne a cikin dusar da aka zubar. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK, bayan ya fitar da iraniyom kimanin tan 75,000, ya bar tsibin dusa na wajen tan miliyan 20 a gefen Akokan. A cikin wannan tsibi akwai radiyom, wanda sai ya shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi, wato fiye da ninki biyu na shekarun sarautar Agadas tun kafuwarta. Akwai kuma toriyom da ke haifar da shi, wanda rabinsa ba ya gushewa sai bayan wajen shekara 75,000. Daga gare su iskar radon take tashi, ba ta da launi ba ta da wari, kuma ita ce ke bin sigari a jerin masu haddasa sankarar huhu. Shirin da kamfanin Orano ya gabatar shi ne a lulluɓe tsibin da yumɓu da dutse mai kaurin mita 2. Lulluɓewar wajibi ce, amma rufi ba ya kashe abin da ya rufe. Wa zai riƙa duba wannan murfi bayan shekara 500, sa'ad da babu wanda ya tuna sunan kamfanin?

Kuma gubar ba ta tsaya a bayan shinge ba. Ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen ce ta gayyato masu binciken CRIIRAD daga Faransa a 2003, suka tarar da tsofaffin ƙarafa masu guba a hannun jama'a, irin waɗanda ake ƙera kayan gida da su. A ƙarshen 2009 ma'aunin Greenpeace ya nuna wani wuri a titin Akokan da tururin nukiliyarsa ya kusan ninka na yau da kullum sau 500, kuma huɗu cikin samfuran ruwa biyar sun haura iyakar iraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya.

Na uku shi ne gawayin ƙasa, kuma nan ne Cirozerin ta shigo. An kafa SONICHAR a 1975, tasharsa ta Anu Araren ta fara ba da wuta a 1981, musamman domin ma'adinan iraniyom. Abin mamaki a nan shi ne, ƙarfen da Turai ke alfahari da shi a matsayin makamashi marar hayaƙi, da wutar gawayi aka daɗe ana haƙo shi. Gawayin da ƙasa ta ajiye fiye da shekara miliyan 300 ana ƙone shi a yini guda, hayaƙinsa ya tashi ya haɗu da na duniya, inda wani kaso nasa zai shafe dubban shekaru yana riƙe zafi. Gaskiya ne cewa hayaƙin Nijar ɗigo ne idan aka gwada shi da na Sin ko Amurka. Amma toka da ƙurar da ke sauka a Cirozerin ba a raba su da kowa, na masu garin ne su kaɗai.

Za a ce, to a zauna cikin duhu da talauci ke nan? Ba wanda ya ce haka. Ma'adinai sun ciyar da dubban iyalai, sun kawo hanyar kwalta daga Tawa zuwa Arlit, wutar Cirozerin kuma tana haska asibitoci da makarantu. Abin da ake ƙi shi ne lissafin da ke rubuta riba ya manta da bashi. A watan Yuni na 2025 gwamnatin Nijar ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa, jama'a da yawa suka yi murna. Sai dai radiyom bai san tuta ba, ruwan Tarat kuma ba ya tambayar wane ne ya kunna famfo. Wanda ya gaji rami ya gaji nauyin rufe shi, saboda haka ya wajaba a riƙa auna ruwa da iska ta hannun masu binciken da ba sa cin albashin kamfani, a liƙa sakamakon a bainar jama'a, a kuma ware kuɗin gyara tun ma'adini yana da rai.

Ga malamai da ƙungiyoyin al'adu kuwa, aikin da ke gabansu na harshe ne. Gargaɗin da aka rubuta da Faransanci kaɗai bai isa ga matar da ke sayen tukunya a kasuwar Arlit ba, balle makiyayin da ke neman inuwa kusa da tsibi. Sai an sa wannan ilimi cikin Hausa da Tamajak, a darasi, da wasan kwaikwayo, da rediyon gari, yadda kaka za ta iya gaya wa jikanta wane tudu ne ba a hawa, wace rijiya ce ba a sha. Kamfanoni sukan sauya suna, gwamnatoci sukan shuɗe, tsibin Akokan kuwa zai jira duk wanda za a haifa a can, ko an gaya masa ko ba a gaya masa ba.