Sikeli ba ya auna damuwa

A watan Nuwamban 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani masani a Jami'ar Minnesota ta Amurka, Ancel Keys, ya tara samari 36 domin ya gano abin da yunwa ke yi wa ɗan Adam, da yadda za a farfaɗo da mayunwatan Turai bayan yaƙi. Dukkansu sun ƙi ɗaukar makami ne saboda aƙidarsu, kuma lafiyarsu ƙalau, jiki da hankali. Bayan makonni 12 suna ƙoshi, aka rage musu abinci zuwa kusan rabi har tsawon makonni 24: dankali, kabeji, burodi da makaroni, ga tattakin kimanin kilomita 35 kowane mako.

Sun rame, kamar yadda aka tsara. Amma zukatansu sun fi jikinsu jigata. Maza masu ilimi suka koma tara littattafan girke-girke, suna lashe faranti, suna faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sha'awar mata ta gushe, baƙin ciki ya zauna. Ɗaya daga cikinsu ya sare yatsunsa uku da gatari, kuma hakan ya faru ne bayan an fara ƙara musu abinci. Da aka sakar musu mara, wasu suka riƙa ci har su yi rashin lafiya, ba su ji sun ƙoshi ba.

A ganina, duk binciken rage cin abinci da ya tsaya ga ƙirga kilo nawa aka zubar, rabin aiki ya yi. Wanda ya janye a mako na shida saboda ya kasa barci, ko ya addabi iyalinsa da fushi, shi ma sakamako ne, bai kamata a share sunansa daga lissafi ba.

Za a ce samarin Minnesota ba masu ƙiba ba ne, kuma yunwarsu ta wuce kima. Gaskiya ne, babu ma mace ko ɗaya a cikinsu. Wani bincike na baya-bayan nan a Amurka mai suna CALERIE ya bi mutum fiye da 200 shekara biyu, bai ga taɓarɓarewar yanayin zuciya ba. Sai dai an nemi su rage kashi 25 cikin ɗari na abincinsu, abin da suka iya bai wuce kusan 12 ba. Kuma mun san halin zuciyarsu ne don masu binciken sun auna shi.

Masu duba takardun neman izinin bincike, a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ko a asibitocin koyarwa, ya dace su tambayi mai nema: wa zai lura da barci da fushi da damuwar mahalarta, a wane mataki za a dakatar da mutum, kuma wata nawa za a ci gaba da bibiyarsa bayan an mayar masa da kwanonsa?