Jirage marasa matuƙa: Sararin sama ya daina zama na manyan ƙasashe kaɗai

Ranar 1 ga watan Yunin 2025, Yukiren ta kai hari kan sansanonin sojin saman Rasha, har da na Siberiya mai nisan dubban kilomita daga fagen daga. Ba ta tura jirgin yaƙi ko ɗaya ba. Ƙananan jirage marasa matuƙa ta ɓoye cikin manyan motoci, aka kai su kusa da sansanonin, suka tashi suka ƙona manyan jiragen da Rasha ke harba makamai masu linzami da su.

Tun kafin nan aka ga alama. A yaƙin 2020, jiragen Bayraktar TB2 ƙirar Turkiyya sun taimaka wa Azabaijan ta ragargaza tankokin Armeniya. A watan Mayun 2025 kuma, Port Sudan, birnin da gwamnatin Sudan ta koma saboda aminci, ya sha luguden irin waɗannan jirage.

A ganina, duk ƙasar da har yanzu ke auna ƙarfin samanta da yawan jiragen yaƙi masu tsada, lissafin jiya take yi. Najeriya ta sayi Super Tucano 12 daga Amurka a kan kusan dala miliyan 500, sun kuma yi amfani. Amma yanzu ISWAP na ɗaura bam a jikin ƙananan jiragen da ake sayarwa a kasuwa, tana kai wa sojoji hari a Borno. Tucano ba zai kare sansani daga irin wannan ba. Abin da sansanin ke buƙata shi ne na'urar hango su da ta katse sadarwarsu, da sojojin da suka iya aiki da su.

Sai dai makami ba ya da hankali. Ranar 3 ga Disamban 2023, jirgin soja mara matuƙi ya kashe aƙalla mutum 85 a wajen Maulidi a Tudun Biri da ke Kaduna. Na'urar ta ga taro, mutane ne suka kasa tantance ko su waye. To ina ga ranar da za a bar wa kwamfuta ta zaɓi wanda za a harba, kamar yadda ake gwadawa yanzu?

Kafin majalisa ta amince da kuɗin wani sabon jirgi, ya kamata ta tambayi nawa aka ware wa bayanan sirri da horar da mai danna maɓalli, da kuma wanda zai amsa laifi idan aka yi kuskure.